Gidan shingil a ƙauyen bakin teku: in kwafi na da sak ko yaya zan yi?

Yar_Zane:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu zane da kafintoci da duk wanda ya taɓa zama a arewa maso gabashin Amurka ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Ofishin zanen gine-ginen da nake aiki a jihar Massachusetts ƙarami ne, kuma wannan ne karon farko da oga ya miƙa min aiki sukutum ya ce je ki zana. Wani dattijo ne da matarsa sun yi ritaya suka sayi fili a wani tsohon ƙauye na bakin teku, filin siriri ne dogo, faɗinsa ta gefen titi bai wuce ƙafa 60 ba, maƙwabta hagu da dama duk ƙananan gidaje ne masu launin toka an lulluɓe su da shingil. Suna so nasu ma ya zama haka, ɗaki uku, falo, kicin, gareji. To matar ta zo min da tulin hotuna duk na manyan gidajen attajiran Newport, wani gari na bakin teku a jihar Rhode Island, tana son hasumiya, tana son baranda ta zagaye gidan, tana son tagar nan mai kama da gira a cikin rufi, tana son rufi mai gwiwa, duk a kan gida mai ɗaki uku fa. Sau biyu ina zanawa ina gogewa. Na farko ya fito kamar yaro ya saka babbar rigar kakansa har da rawani, na biyu na cire komai sai ya fito kamar sito. Ga kwamitin kula da tsofaffin gine-ginen ƙauyen, sai sun sa hannu kafin a kafa ko ƙusa ɗaya. Sabon gida a tsohon salo, a ina ake tsayawa? A kwafi na da sak, ko a ɗebi wani abu a bar saura?

Bakon_Gida:
Wa alaikumus salam. Ku yi haƙuri da tambayar jahili, wai mene ne shingil ɗin ma tukuna

Kafintan_Sanyi:
@Bakon_Gida ƙananan fallayen katako ne, gindinsu da kauri samansu sirit kamar bakin gatari. Ana jera su layi-layi daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya hau kan na ƙasansa ya rufe masa ƙusa, kamar ɓawon kifi ko gashin bayan zabuwa. Ruwa in ya sauko sai dai ya yi ta gangarowa daga wannan zuwa wancan bai samu ƙofa ba. Tsawonsu yawanci inci 16 ne ko 18 ko 24. A bango wajen inci 5 kawai ido ke gani na kowanne, sauran yana ɓoye a ƙarƙashin na sama. Akwai wanda zarto ya yanka shi ne shingil, akwai kuma wanda ake faskarawa, ya fi kauri ya fi kaushi, shi sunansa daban.

Bakon_Gida:
Toh na gane, na gode Malam

MalamTarihi:
@Yar_Zane ƙanwata matsalarki tana cikin hotunan nan ne, domin abu biyu matar ta haɗa ba ta sani ba. Akwai gidan shingil na talakawan bakin teku, masunta da manoma, tun zamanin mulkin Ingila: ɗan akwati mai rufi biyu, tagogi ƙanana, ba kwalliya. Sannan akwai salon attajirai da ya yi tashe daga wajen 1880 zuwa 1900, wanda su H. H. Richardson da kamfanin McKim, Mead & White da su William Ralph Emerson suka riƙa zana wa masu kuɗin Boston da New York don hutun bazara. Shi ne na hotunanki. Ko sunan da ake kiransa da shi yanzu, Shingle Style wato salon shingil, ba masu shi suka raɗa ba, Vincent Scully na jami'ar Yale ne ya yaɗa sunan a littafinsa na 1955 bayan salon ya daɗe da kwantawa. Maƙwabtan filinki na farkon ne. Ke kuma an ce ki dasa na biyun a tsakiyarsu a kan ƙafa 60. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Sarkin_Musu:
Ni fa ban ga abin ɗaure kai ba. Ki gaya musu gaskiya kawai. Gidan da za a gina bana ya yi kama da na bana. Duk wannan kwaikwayon yaudarar kai ce, waje na 1885 ciki kuma hita da na'urar sanyi da intanet da kicin na zamani, an saka wa gida kayan 'yan wasan kwaikwayo kenan. Su mutanen da suka gina na asalin ai ba kwaikwayon kowa suka yi ba, abin zamaninsu suka yi.

MalamTarihi:
@Sarkin_Musu nan kam ka zame ɗan uwa. Su ma kwaikwayo suka yi, har biyu. Bikin cikar Amurka shekara 100 da aka yi a Philadelphia a 1876 shi ya tayar wa mutane da begen gidajen kakanninsu, matasan masu zane suka riƙa yawo ƙauyukan bakin teku suna zana tsofaffin gidaje a littafi. Ɗaya ɓangaren kuma daga Ingila suka aro, irin gidajen da Richard Norman Shaw ke yi yana rataya tayil ɗin jar ƙasa a jikin bangon sama, su da suke da daji sai suka musanya tayil da katako. Ka duba gidan William Watts Sherman da Richardson ya zana a Newport a tsakiyar shekarun 1870 za ka ga hannun Shaw ƙarara. Kai hatta mai zanen gini Frank Lloyd Wright da 'yan zamani ke taƙama da shi, gidan da ya gina wa kansa a Oak Park a 1889 shingil ne da ƙaton goshi mai kusurwa uku.

Sarkin_Musu:
To na ji sun ara. Amma sun ara sun juya shi ya zama nasu. Ba su ɗauki hoto sun ce wa kafinta yi min irin wannan sak ba. Maganata na nan

Baba_Injiniya:
'Yata kafin ku yi nisa a gardamar salo, kin duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, kuwa? Bakin teku kika ce. In filin ya faɗa yankin ambaliya dole daɓen gidan ya ɗaga sama da layin da suka shata, kuma wannan kaɗai zai iya canja miki komai, domin kyan waɗannan gidajen shi ne su zauna ƙasa-ƙasa kamar kaza ta kwanta kan ƙwai. Kin ɗaga shi ƙafa biyar ya koma kamar an ɗora akwati kan tebur. Akwai dabara, a yi masa gindin dutse, a yi baranda mai matakala faɗi-faɗi, a buɗa ƙasan bangon shingil ɗin kaɗan kamar bakin siket ya sauko ya ɓoye tsayin, amma sai kin san lambar tukuna. Sannan harsashi a wannan yankin wajen ƙafa 4 ake nutsa shi saboda daskarewar ƙasa, wannan kin sani. Ki fara da abin da ƙasa ta ce kafin abin da hajiyar ta ce.

Yar_Zane:
Baba na duba, Allah ya taimake ni gaban filin yana kan tudu ba ya cikin yankin, bayan ne kawai ya ɗan taɓa. Shi ya sa ma nake son in matso da gidan gaba ya yi layi ɗaya da na maƙwabta. @MalamTarihi wlh kun faɗi abin da na kasa faɗa wa oga, abu biyu ne aka cakuɗa. Amma ba zan iya ce wa matar nan ki manta da hotunanki ba, shekara nawa tana tara su.

MalamTarihi:
Ba sai kin ce ta manta ba. Ki zauna da ita ki baza hotunan ki tambaye ta me ta gani a ciki. Na yi imani ba hasumiyar ba ce, inuwar barandar ce da yadda rufin ya sauko ya rungume gidan. Ki nemo mata hoton gidan William G. Low na Bristol a Rhode Island, McKim, Mead & White suka gama shi a 1887, an rushe shi a 1962 sai hotuna suka rage. Gaba ɗayan gidan goshi ɗaya ne tal mai kusurwa uku, faɗinsa wajen ƙafa 140, ba hasumiya ba ƙyale-ƙyale, baranda ma a ƙarƙashin rufin ɗaya take, amma masana da yawa shi suke ɗauka a matsayin ƙololuwar salon. Sirrin abin fata ɗaya ce ta rufe jiki duka, bango ya shige rufi, kusurwa ta juya ba a yanke ta ba. In kin samu wannan to kin samu salon ko da gidan ƙarami ne. In ba ki samu ba ko hasumiya uku kika dasa gidan kwalliya ne kawai.

Kafintan_Sanyi:
Tunda Malam ya taɓo kusurwa bari in sa baki don nan ne aikina. Hanya biyu ake gama kusurwar bango. Ko a kafa farin katako a tsaye shingil ya zo ya tokare shi ta kowane gefe, wannan ya fi sauri ya fi sauƙi kuma shi ne a yawancin ƙananan gidajen ƙauye. Ko kuma a saƙa, wato layin nan na gefen dama ya hau kan na hagu a fere shi, layi na gaba na hagu ya hau kan na dama, haka har sama kamar kitso. Saƙar tana cin lokaci sosai kowane layi sai ka sa 'yar fulen, abin fere katako, ka gyara bakin, amma ita ke ba da wannan fata ɗayar da yake faɗa. Anti in kuɗinsu ba zai kai komai ba ki zuba shi a saƙar kusurwa ki bar hasumiya. Hasumiya zagaye kowane falle sai an rage masa faɗi an fiƙe shi, kwana nawa za mu yi a kai

Dan_Baranda:
Tagar gira fa? ni ita ke burge ni a gidajen nan gsky

Kafintan_Sanyi:
Tana da kyau ba musu, amma garin neman gira ake rasa ido hhh. Rufin ne ake ɗagawa ya yi tudu a hankali ya koma, ba kusurwa ko ɗaya, to raftocin wurin kowanne da nasa lanƙwasa, shingil ɗin ma sai an zaɓo sirara wani lokacin a jiƙa su kafin su yarda su kwanta. In kafinta bai ƙware ba nan ne farkon inda zai fara yoyo. Hasken da take kawowa ciki kuma ɗan kaɗan ne. Guda ɗaya ƙarama a saman matakala, shi kenan, na yarda. Uku a jere a'a.

Ummu_Biyu:
Ni ba mai zane ba ce amma shekara shida ina haya a irin gidan nan a Maine, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ba a nunawa a hoto: launin tokan nan mai sheƙi ba ko'ina yake yi daidai ba. Gefen da ke kallon rana da iskar teku ya yi toka mai kyau, gefen arewa inda bishiya ta yi inuwa baƙi ya yi da gansakuka kore-kore, ƙarƙashin bakin rufi kuma inda ruwa baya taɓawa har yau ruwan ƙasa ne. Gida ɗaya kala uku. Ga wani tsuntsu mai saran itace da ya maida bangon ɗakin yarana ganga, da asuba sai ka ji kwas kwas kwas. Ki gaya wa matar tun yanzu kar bayan shekara biyu ta ce an cuce ta. Amma barandar kam ki bar mata, rabin rayuwarmu ta bazara a can muke yi.

Baba_Injiniya:
Abin da Ummu ta faɗa gaskiya ne kuma itacen ma yana da hannu a ciki. Da itacen sida ake yin shingil ɗin, kuma iri biyu ne. Farin sida na gabas, wanda ake kawowa daga Maine da Quebec da New Brunswick, shi ke komawa toka mai haske a iskar gishiri. Jan sida na yamma, na British Columbia da jihar Washington, ya fi tsawo da faɗi amma in ya tsufa duhu yake yi, wani wurin har baƙi-baƙi. In maƙwabta toka ne to fari za ki rubuta. Akwai kuma wanda ake tsomawa a wani ruwan launi tun daga masana'anta don ya fara da toka ya tsufa bai ɗaya.

Kafintan_Sanyi:
Kuma don Allah anti ki rubuta irin ƙusar a jikin zanen da manyan baƙi. Na taɓa yi wa wani ɗan kwangila aiki ƙusar da ba ta tsatsa ta ƙare ana saura bango ɗaya, ya ce mu ƙarasa da ta gama-gari ai a ɓoye take wa zai gani. Ban so ba amma ni yaro ne lokacin. Ko shekara ba a rufa ba bangon nan ya fito da baƙin zane-zane daga kowace ƙusa kamar mace ta yi kuka da kwalli, domin ruwan jikin sida baya shiri da baƙin ƙarfe. Sai da aka ɓamɓare bangon duka aka sake. Araha ba ta ado. Kusa da teku ƙusar sitenlas, wadda ba ta tsatsa, mai lamba 316 ake sawa. Ƙusa biyu kacal a kowane falle komai faɗinsa, kar a dame ta ta nutse cikin itacen, a bar 'yar tazara tsakanin falle da falle kamar kaurin fensir ko ƙasa da haka don in ya sha ruwa kumbura yake, kuma tsagar layin sama kar ta zo daidai da ta ƙasa a goce aƙalla inci ɗaya da rabi.

Dan_Kwana_Kwana:
Duk kuna ta maganar kyau ba wanda ya ambaci wuta. Katako busasshe a kan rufi fa kuke magana. Gobarar Berkeley ta 1923 gidaje wajen 600 ta ci kuma rufin shingil ne ya riƙa miƙa ta gida zuwa gida, fallen ya kama ya tashi sama iska ta kai shi kan rufin wani. Ta Bel Air a 1961 gidaje 484. Har birnin Los Angeles ya zo ya hana sabon rufin katako a 1989. Yanzu a ƙauyen da gida ke manne da gida za ki ɗora wannan?

Baba_Injiniya:
Malam Kalifoniya daban bakin tekun New England, wato nan arewa maso gabas, daban, can fari ne da busasshiyar iska nan laima ce. Amma ban ƙi maganarka ba. Akwai shingil ɗin da ake tsumawa da maganin hana kama wuta a masana'anta, kuma kamfanin inshora ma zai tambaya. Mafi yawan gidajen da za ka gani a ƙauyukan nan yau bango ne kawai na sida, rufin na kwalta ne mai launin toka ko baƙi, kuma ba wanda ya ce sun fita daga gargajiya. Rufi shi ke shan rana da ƙanƙara, shi ke riga bango mutuwa nesa ba kusa ba.

MalamTarihi:
Sai dai in an yi haka an ɗan rasa haɗuwar bango da rufin da na faɗa, a gidajen asali kala ɗaya ne sama da ƙasa. Amma ga ƙaramin gida na yarda ba asara ba ce babba.

Matafiyi_77:
Ku bar ni in ɗan fita layi. Amurkawa na ji kamar su suka ƙirƙiro abin nan alhali duk inda daji da ruwan sama suka haɗu za ka same shi. Cocin Kizhi da ke wani tsibiri a tafkin Onega a Rasha, na 1714, ƙubba 22 gare shi duk an lulluɓe da ƙananan fallayen itacen aspen, in rana ta buga kamar azurfa. A Norwe tsofaffin cocinsu na katako irin na Borgund kwaltar itace suke shafa wa nasu su yi baƙi ƙirin. A tsibirin Chiloé na ƙasar Chile har yanka bakin fallen suke yi zagaye-zagaye su yi masa fenti. Kuma na Kizhi ɗin ko ƙusa ɗaya babu a jikinsa

MalamTarihi:
Gyara kaɗan, gungumen bangon ne aka sarƙa ba ƙusa. Fallayen ƙubbobin da ƙusa aka kafa su.

Matafiyi_77:
Toh Malam an karɓa, haka dai na ji ana faɗa

Sarkin_Musu:
Kun ga abin da nake faɗa ai. Kowa da itacen dajinsa da yanayinsa ya yi nasa. Yau kuma akwai na roba da na siminti da aka yi wa zanen jijiyar katako, ba ruɓa ba tsuntsu ba gansakuka. In dai kamannin ake so me ya hana a manna wannan a huta? Ɗan juma ne da ɗan jummai, duk kwaikwayo ne.

Kafintan_Sanyi:
Haba Malam. Na roba faranti-faranti yake zuwa, ka tsaya tsallaken titi za ka ga zanen yana maimaita kansa duk bayan 'yan ƙafafu, ga layin haɗi, ga wata kwalbatin roba a kusurwa da bakin taga. Na gaske kowane falle faɗinsa daban shi ya sa ido baya gajiya da shi. Kuma in ɗaya ya fashe zare shi zan yi in soka wani cikin minti goma

Ummu_Biyu:
Ni dai da za a ban na simintin in huta da tsuntsun nan da na karɓa wlh, ku masu ido ku yi ta kallo daga tsallaken titi

Yar_Zane:
Hhh Ummu. Na roba dai ba zai wuce kwamitin ba, na karanta ƙa'idarsu katako suka ce. @Sarkin_Musu na fahimce ka fiye da yadda kake zato, ni ma a makaranta abin da aka koya mana kenan. Amma da na je na tsaya a titin nan na ga gida goma sha a jere tsayinsu kusan ɗaya launinsu ɗaya, sai na ji in na dasa akwatin gilashi a tsakiya ba jarumta na yi ba rashin kunya ce. Ban dai san ko hakan na nufin in kwafe su ba ne.

Hajiya_Mai_Bene:
'Yar nan ki je tsibirin Nantucket ki kwana biyu in kina da hali, gani ya kori ji. Tun 1955 suke da hukumar da ke duba duk abin da za a yi wa wajen gida, shi ya sa tsibirin ya zama toka bai ɗaya, wasu na yabawa wasu na cewa an mayar da gari gidan tarihi. Ki wuce har ƙauyen Siasconset ki ga ƙananan gidajen da suka faro a matsayin bukkokin masunta. Ba wanda ya zana su, iyali na ƙaruwa ana manna ɗan ɗaki a gefe da rufinsa mai gangara, har sunan da suke kiran ƙarin nan da shi in an fassara tusar jaki ne, irin wadda ke fitowa a fata. To wannan shi ne maganin filinki. Siririn fili, ki juya goshin gidan ya kalli titi, babban jiki a gaba mai bene ɗaya da rabi, sai ƙaramin jiki a bayansa na kicin, sai wani ƙarami, kowanne ya fi na gabansa gajarta kamar gidan ya shekara ɗari yana girma. Daga titi ƙarami ne kamar na kowa, ciki kuma ga wuri. Gareji ki kai shi can baya shi kaɗai kamar rumbun ajiya, don ba abin da ke kashe irin gidan nan kamar ƙatuwar ƙofar mota a fuska. Kuma tsofaffi ne, ɗakin kwanansu a ƙasa, kar ki biye wa hoto ki hau da su bene.

Sarkin_Musu:
Hajiya da girmanku, gidan da aka gina rana ɗaya a yi masa siffar wanda ya shekara ɗari yana girma, wannan ba ita ce ƙaryar da nake faɗa ba?

Hajiya_Mai_Bene:
Ɗana ba wanda zai rubuta 1790 a ƙofa. Rarraba jikin gida dabara ce ta rage masa girma a ido, kuma kowane ɗaki ya samu taga ta gefe biyu. In kana da wata hanyar saka ɗaki uku a ƙafa 60 ba ka danne maƙwabci ba kawo mu gani.

Baba_Injiniya:
Bayan filin ne ya taɓa yankin ambaliya fa Hajiya, ta faɗa a sama. Garejin zai iya zama can in an bi ƙa'ida amma ɗakin kwana kar ya kai. 'Yata ki auna daga layin ki ga jiki nawa zai shiga. Wani abu kuma, bangon yanzu ba irin na da ba ne, akwai abin tare sanyi mai kauri, akwai shimfiɗar hana ruwa. Ki bar 'yar sarari a bayan shingil ɗin iska ta riƙa wucewa, na da sun daɗe ne saboda gidajen iska na ratsa su ta ko'ina suna bushewa, na yanzu a toshe suke, in kika manna itace kai tsaye ya jiƙe ta baya zai kwankwashe ya ruɓe. Layin farko kuma ya tashi daga ƙasa aƙalla inci 6. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saman taga da inda ƙaramin rufi ya haɗu da babban bango nan za ki zana dalla-dalla, tunda tsarin Hajiya ya ƙara miki irin waɗannan mahaɗan.

Kafintan_Sanyi:
Ƙarin abu ɗaya da masu zane ke mantawa sai mu a wurin aiki mu yi ta fama. Layin shingil ya kamata ya zo daidai da ƙasan taga da samanta, kar a samu wani siririn yanki an yanko a ƙarƙashin taga kamar haƙorin da ya karye. Mukan yi doguwar sandar awo mu shata layukan duka a jikinta mu zagaya gidan da ita, muna ɗan ƙara ko rage kwatan inci a kowane layi har ya faɗa daidai. In kin sa tsayin tagoginki ya tafi da lissafin inci 5 ɗin tun a takarda kin rage mana rabin wahala. Tagar kuma mai ja sama ja ƙasa, ƙananan gilasai a sama, kuma sandunan tsakanin su kasance a waje da gaske ba waɗanda ake maƙalawa cikin gilashi ba, waɗancan ba sa yin inuwa gidan sai ya yi kamar ba shi da gashin ido.

Dan_Baranda:
Duk an watsar da hasumiyar baiwar Allah kenan, ba mai tausayinta

MalamTarihi:
Akwai hanya. A gidan Isaac Bell na Newport, na farkon shekarun 1880, wanda yanzu ake shiga kallo, akwai baranda mai hawa biyu da ta yi zagaye a gefe, ginshiƙanta an sassaƙa su kamar gora. Ba lallai hasumiya ta tsaya ita kaɗai ba, ƙarshen baranda zai iya lanƙwasawa, ko bangon wurin cin abinci ya ɗan kumburo waje rabin da'ira shingil ya bi shi ya zagaye. Ta samu zagayenta kenan ba a huda sama ba.

Yar_Zane:
Allah ya saka da alheri, na cika shafi uku. Abin da zan gwada a daren nan: goshi ɗaya ya kalli titi, baranda a ƙarƙashin rufin ba a manne ba, jiki biyu ba uku ba saboda layin ambaliyar da Baba ya faɗa, kusurwa saƙaƙƙiya, farin sida a bango. Rufin ban yanke ba, zan kai musu duka biyun da maganar inshora su zaɓa. Gira ɗaya a saman matakala in kuɗi ya kai. Abin da har yanzu ke damuna kusurwar ce ma, maƙwabta duk farin katako ne a tsaye, in na saƙa tawa na bi Newport na bar titin, in na bi titin kuma na rasa fatar da Malam ke faɗa.

Sarkin_Musu:
Kin gani ko, ƙusa ɗaya ba a kafa ba kin fara yin naki. Ki saƙa kawai

Hajiya_Mai_Bene:
A'a ta bi titi. Kwamiti zai tambaye ta me ya sa nata ya bambanta

Kafintan_Sanyi:
Anti ki zana biyun ki turo mu gani, ki haɗo da hoton gidan hagu da na dama. Kuma ki auna min faɗin farin katakon kusurwar tasu in kin koma, in inci 4 ne magana daban in inci 8 ne magana daban